Batta Bakwai

'Ya'yana da jikokina, akwai wani layi a farkon ɗan littafin Yaya Habu da kuke yawan karanta wa baƙi idan sun zo zaure. Layin nan da ya ce ya fara bincikensa da ƙanensa Ilu magini, wanda ya kawo masa sau bakwai, bai sami komai ba. Kuna karantawa kuna dubana, ni kuma in sunkuyar da kai, ku ɗauka kunyar yabo nake ji. Shekara da shekaru na bar ku a haka. Yanzu ƙafata ta ƙi hawa ko dakali, ido ɗaya ya tafi, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru da ɗan bokon da na koya da girma, tun da sauran wanda ya sani.

Mu gidan magina ne a gindin Dala, kaka da kakanni. Masu aikin gini iri biyu ne. Akwai na ƙasa, su ne masu haƙo ƙasa a bakin kududdufi, su jiƙa ta, su zuba mata ramno, wato busasshiyar ciyawa, su shiga ciki da ƙafa su yi ta cuɗawa har ta yi danƙo, a bar ta ta kwana biyu, a sake shiga. Akwai kuma na sama, wanda ke zaune a kan katanga ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ana jefo masa tubali yana cafewa yana jerawa. Mahaifinmu ya ɗora ni a kan katanga tun gemu bai fito mini ba, ya ce idona ya fi ƙafata amfani. Tun daga ranar ban sake taka ɗanyar ƙasa ba. Da takalmina nake zuwa wurin aiki, in tuɓe a gindin tsani, in na sauko in mayar.

Yaya Habu ne babba, shi ya kamata ya gaji katangar, amma zuciyarsa tana wajen karatu. Ya sauke Alƙur'ani, ya bi wani malami a unguwarmu ya karanci littattafan magani na Larabci. A shekarun farko da Nasara suka zauna a bayan ganuwa, sun buɗe wani ɗakin shan magani. Wata rana bango ya faɗo wa wani mutuminmu a ƙafa, Yaya ya ɗaure karayar ya kai shi can. Likitan Bature ya dubi ɗaurin ya dubi Yaya, ya ce ya dawo gobe. Haka ya zauna. Likitan ya koya masa aiki da wani madubi mai bututu da ake leƙawa da ido ɗaya, wanda ke mayar da ƙanƙanin abu ƙato. Yaya ya rinƙa dawowa gida yana cewa a cikin ɗigon jini akwai halittu masu motsi, a cikin bayan gidan mutum kuma akwai labarin duk abin da ke damun cikinsa. Unguwa ta ɗauka. Aka ce Habu yana tara wa Nasara jinin Musulmi. A masallaci sai ka ga an bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Inna, mahaifiyarmu, ba ta yarda da zancen jini ba, ita ɗaya ɓangaren ne ya dame ta.

"Ɗan gidan nan guda, da saukar Alƙur'ani, ka ƙare a leƙen bayan gidan mutane."

"Inna, wanda ya halicci taurari shi ya halicci wannan. Masu duban taurari sun yi yawa."

A zamanin nan akwai wani ciwo da muka san shi a gidajen magina kamar yadda muka san damina. Mutum yana cikin ƙarfinsa sai ya fara ɗashewa. Tafin hannunsa ya yi fari, cikin idonsa ya yi fari, ya ɗauki kwando ɗaya ya tsaya yana haki. Cikinsa ya rinƙa murɗa, ƙafa ta kumbura, daga baya ka kama shi yana ɓantarar ƙasar bango yana ci a ɓoye. Mu abin da muke cewa shi ne ƙasa ta sha shi. Mun ɗauka ƙasa tana da rabonta a jinin wanda yake ci da ita, sai a yi sadaka, a yi rubutu a sha, a jira hukuncin Allah. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin da ya sa take shan wasu ta bar wasu.

A ranin shekarar da nake ba ku labari, ciwon ya kama surukina, mahaifin Hajara, kakanku na wajen uwa. Shi ne babban na ƙasa tun zamanin mahaifinmu, amininsa ne kuma, abin da ya haɗa aurena da uwarku ke nan. Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin da ke tsakanina da shi ba. Ban taɓa kama sunansa ba. Ban taɓa cin ko goro a gabansa ba. In na hango shi a lungu, takalmi nake tuɓewa in durƙusa har ya wuce. A wurin aiki ina sama yana ƙasa, wannan kaɗai ya ishe ni damuwa, don haka in ina son ƙarin tubali sai in dubi wani in ce, a ce da Baba in da hali a ƙaro. Shi kuma yana jina sarai, sai ya dubi mutumin ya ce a ce da ɗana ga shi nan tafe.

Yaya ya daɗe yana lura da ciwon nan. Likitan ya taɓa ba shi labarin wata 'yar tsutsa da ke maƙale wa hanji tana tsotsar jini, wadda ake gane ta da ƙwayayenta a bayan gida. Amma ya ce ciwon ƙasashen ruwa ne, can wajen teku, ƙasar Kano ta yi mata bushewa, abin da ke damun mutanenmu zazzaɓi ne da ya zauna a jiki. Yaya ya ce masa ƙasar Kano busasshiya ce, amma ramin cuɗi bai taɓa bushewa ba, kuma bakin kududdufin da muke haƙa nan ne rabin unguwa ke zagayawa da sassafe. Likitan ya ce to ya kawo ya nuna masa. Yaya ya shiga Kurmi ya sayo 'yan battoci bakwai irin na zuba taba, ya rubuta sunan mutum bakwai na ƙasa a jikinsu, ya same ni bayan la'asar ina wanke hannu.

"Ilu, ni ba za su ba ni ba. Ko ruwa na miƙa musu sai sun leƙa. Kai ne maigidansu a wurin aiki. Kowace safiya ɗaya, kafin rana ta ɗaga. Ka fara da surukinka, shi ya fi jin jiki."

"Yaya, ka san abin da kake cewa kuwa?"

"Na sani. Ai ɗan kaɗan nake so, kamar ƙwayar gyaɗa."

Shi a ganinsa yawan ne matsalar.

Allah ya sani na gwada. Na je zauren Baba da batta a aljihu, na durƙusa daga bakin ƙofa. Na ce ina wuni, ina gajiya, yaya jiki, yaya iyali, yaya jiki. Na sake cewa yaya jiki. Ya dube ni da fararen idanun nan ya ce, akwai magana ne, ɗana? Na ce a'a Baba, gaisuwa ce. Na fito da battar yadda na shiga da ita. Na sami sauran shidan a gindin wata kuka suna hutawa, na yi ta kewaye-kewaye har na faɗa. Wani dogo a cikinsu, Mamman, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce gashi da farce ma binnewa muke don kada su faɗa hannun mugu, sai wannan za mu naɗe mu aika wa Nasara? Ya ce in Baba ya bayar su ma za su bayar, in je in fara da shi. Ya san inda ya bar ni.

Washegari bayan asuba Yaya yana tsaye a ƙofar gida zai kama hanyar Ƙofar Ɗan Agundi. Na ce masa ina zuwa. Na zagaya baya da battar da ke ɗauke da sunan surukina, na cika ta da nawa. Na fito na miƙa masa a naɗe da ganye, ya sa mini albarka ya tafi. Haka na yi safiya bakwai. Kuma kada ku ɗauka ina yi ina jin ni maƙaryaci ne. Lissafin da na yi wa kaina shi ne, ciwon nan na magina ne, ni ma magini ne ɗan magini, akushi ɗaya muke ci da su, rijiya ɗaya muke sha. In akwai tsutsa a gidan magina to akwai ta a cikina, Yaya zai ga abin da yake nema, Baba ya sami magani, ba wanda ya ji kunya. Har daɗi na ji na wayon da na yi.

A rana ta takwas Yaya ya dawo bai yi sallamarsa mai ƙarfi ba. Ya zauna a zaure ya ce babu, duk bakwai ɗin babu ko ƙwai ɗaya. Ya ce abin da ya ɗan ba shi mamaki, mutum bakwai amma kamar cikin mutum ɗaya. Na ce ai tare suke cin abinci a wurin aiki. Ya gyaɗa kai. Likitan bai yi masa dariya ba, ya dafa kafaɗarsa ya ce kowane mai bincike yakan yi kuskure, ya ba shi maganin zazzaɓi ya kai wa marasa lafiya. Yaya ya tattara takardun da ya fara rubutawa ya sa a ƙasan adaka. Ya daina ba mu labarin madubi. Inna ta ce alhamdu lillahi, amma ita ce kuma ta fara tambayar me ya sa ba ya cinye tuwonsa. Baba ya sha maganin mai ɗaci har kunnensa ya rinƙa ƙara, kumburin ya bar ƙafa ya hau ciki. Hajara ta koma gidansu jinya. A nan wayona ya ƙare, don daga ranar na san abin da na yi. Kullum in kwanta da niyyar gobe zan faɗa, gobe ta yi in hau katanga. Kusan wata uku na yi a haka.

Ba ni na tona kaina ba, wannan ma ku sani. Yaya ne ya je duba Baba wata Juma'a, da zai tashi ya ce, Baba ka yafe ni, na sa an karɓi abinka a banza. Baba ya ce wane abu? Yaya ya ɗauka kunya ce ko zafin ciwo, ya yi sallama ya fita. Amma Hajara tana bayan asabari ta ji, kuma ita ta ga safiyoyin nan bakwai da nake zagayawa da wani abu a hannun riga. Da yamma ta zo gida kamar za ta ɗebi gero, ta same ni a ɗaki, ta tsaya ba ta zauna ba.

"Malam, battar da aka rubuta wa sunan Baba, na wane ne a ciki?"

Na kau da kai, ta ci gaba.

"Ni nake ɗaukar kaskonsa safe da yamma, ni nake zubarwa. Da ka ce mini Hajara ɗebo, da na ɗebo. Shi ma ba sai ya sani ba."

Wallahi ko sau ɗaya wannan bai zo mini a rai ba. Na ji kunyar surukina, na ji kunyar ma'aikatana, na ji kunyar matata da muke ɗaki ɗaya, har ban iya tambayarta abin da take yi da hannunta kullum ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki battar tabata a kan tabarma, ta zazzage tabar a ƙasa, ta fita da ita.

Da safe ita ta miƙa wa Yaya, ni kuma na bi shi, karo na farko da na raka shi wurin aikinsa. A hanya na faɗa masa. Da muka iso bakin ƙofar gari ya tsaya, jakuna suna wuce mu.

"Duk bakwai ɗin?"

"Duk."

"Naka?"

"Nawa, Yaya."

Ya ci gaba da tafiya ina binsa a baya. A ɗakin magani ya ɗibi ɗan kaɗan ya dama da ruwa a kan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubi ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya kira Likitan, shi ma ya leƙa ya daɗe, ya cire tabarau ya ce wani abu da harshensu, ya miƙa wa Yaya hannu. Daga nan Yaya ya kamo hannun rigata ya ce duba. Na runtse ido ɗaya na ga wasu abubuwa kamar ƙwan tsuntsu, masu haske, birjik, ko'ina ka juya. Ya ce wannan surukinka ne, wata uku ke nan suna jiranmu.

Sauran shidan ta hannun mata suka zo. Hajara ta bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya ta yi magana da matansu, cikin 'yan kwanaki aka kawo duka, har da na Mamman mai dariya, wanda sai bayan ya warke ya san an ɗauka. Duk shidan akwai ƙwan. Ranar da Yaya ya duba na ƙarshe ya same ni a wurin aiki ina saukowa daga tsani. Tun ranar ƙofar gari gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya tsaya yana kallona ina saka takalmi, ya ce rabonka da shiga cuɗi tun yaushe? Na ce tun mahaifinmu yana da rai. Ya ce kullum da takalmin nan kake zuwa? Na ce kullum. Ya zauna a kan tarin tubali ya yi wata irin dariya, idonsa da ƙwalla.

"Ka cuce ni, Ilu, ka cuci dattijon nan. Amma ka ba ni abin da ban san in nema ba. Akushinku ɗaya, rijiyarku ɗaya. Sau bakwai na duba ka babu, su kuwa kowa da shi. To a gidan nan ba ta baki take shiga ba. Ta ƙafa take shiga."

An ba Baba maganin tsutsar kaɗan-kaɗan saboda rauninsa. Suka fito kamar guntayen zare, Hajara ta tace ta nuna masa da idonsa. Ya ɗan farfaɗo, ya nemi fura, har ya fito ya zauna a rana. A lokacin na je na durƙusa a inda na durƙusa da farko, na faɗa masa komai kaina a ƙasa. Ya ce ai ya san da magana ranar nan, tunda sau uku na tambaye shi jiki. Ya ce, da ka tambaya ma, ɗana, ban san ko zan iya ba ka ba, je ka na yafe, ka tabbata su Mamman sun sha magani. Amma jikin ya riga ya gaji. Ruwan farko na damina ya sauka ranar Talata, muka binne shi ranar Alhamis. Bayan shekaru na tambayi Yaya ko da an gano da wuri da ya tashi. Ya ce rai na Allah ne. Sannan ya ce sauran shidan dai duk sun tashi. Yaya ba ya ƙarya ko don ya sanyaya wa mutum rai.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da nake so ku yi alfahari da shi, don ni har gobe in na tuna sai ƙirjina ya cika. Yaya ya fito da takardunsa daga adaka. Shekaru ya yi yana bin na sama da na ƙasa a gidajen magina na birni, ya koma kan masu noman lambu a fadama, da masu haƙar rijiya, yana duban jininsu da cikinsu tare, yana gwada mai takalmi da marar takalmi. Ya rubuta ɗan littafin nan da ajami, da Hausar da kowane mai allo zai karanta, har da babi guda a kan cewa mai neman wannan abu ya bi ta hannun matan gida. Likitan ya juya shi da Turanci ya aika ƙasarsu da sunan Yaya a sama. Masu kwafe littattafai a Kurmi suka yi ta kwafa, fatake suka tafi da shi. Mutane suka zo daga Zariya da Katsina suka zauna a zaurenmu don su koyi leƙen madubi, Inna tana aika musu da tuwo tana gaya wa maƙwabta ɗaliban Habu ne. Na taɓa ganin kwafinsa a hannun wani Babarbare, gefen takardun cike da ƙarin bayanin wani malami da bai taɓa ganin Yaya ba. Waɗanda suke barin fili a sahu su ne suka koma tare shi bayan salla da wani abu a hannun riga. A wurin aikinmu na sa aka ɗinka wa na ƙasa huffi na fata har ƙauri, aka yi ta yi musu tsiya ana kiransu limaman cuɗi, daga baya masu tsiyar suka zo tambayar wane baduku ne ya ɗinka. Muka haƙa shadda, muka daina ɗiban ƙasa a gefen da ake zagayawa. Ku da kuka tashi a gidan nan ba ku taɓa jin an ce ƙasa ta sha wane ba.

Da na ga layin nan na farko, na ce wa Yaya ya gyara, ya rubuta abin da na yi. Ya ce abin da ya rubuta gaskiya ne, na kawo sau bakwai bai sami komai ba, sauran nawa ne, in faɗa da bakina ranar da na shirya. Ya rasu ban shirya ba. Uwarku ma ta tafi ba ta taɓa gaya wa ko ɗayanku ba.

Don haka in za ku karanta wa baƙo littafin, ku karanta, ku ɗaga murya, na baffanku ne kuma na ubanku, babu kamarsa a unguwar nan. Amma in kun zo kan sunana ku tsaya, ku gaya masa batta ta takwas ce ta buɗe aikin, Hajara ce ta kawo ta, kuma mai abin da ke cikinta bai kai ga ganin amfanin ba. Ba a rubuta sunansa a ko'ina cikin littafin ba. Ni kuma yana raye ban taɓa kama shi ba, bayan ransa ma shekara arba'in ban iya ba. Jiya na ɗauki alƙalami na rubuta shi a gefen layin, a kwafin da ke cikin adakata. Sunansa Muhammadu Tanko.